Babin da Baffa ya zo ji

Shekarar da na fara koyarwa a firamare a Wurno, malamar laburarenmu ta ɓullo mana da wani aiki. 'Yar Filato ce, Kirista, gajeruwa mai faɗa, ta daɗe a garin har bakinta ya fara juyewa irin namu. Ta ce ta gaji da samari masu cika baki cewa za su rubuta littafi, to ga fili: daga dashen albasa zuwa cirarta, kowa ya kammala labari guda. Ta ba mu takarda da tebur kusa da taga, ta yi alkawarin duk wanda ya gama za ta buga nasa da tafireta, a ɗinke, a jera shi a kantar littattafai. Sharaɗinta ɗaya ne. Kowace Alhamis bayan la'asar kowa zai karanta sabon babi a gaban jama'a, wanda ya tsallake kuma ya fita. Ba ta jin magiya.

Ni labarin ƙauyenmu na ɗauko, wanda ruwan madatsar Goronyo ya shanye ina ƙarami. Jarumin nawa shi ne mutumin da ya fara ɗaure kayansa, ya lallashi sauran su tashi, aka yi ta zaginsa wai ya sayar da gari. Na canza masa sana'a, na ƙara masa tsawo, na ce ba mai ganewa. Wauta ce tsagwaronta. Kowa ya san Baffana ne, ƙanen mahaifina, wanda ya riƙe ni tun rasuwar iyayena. Baffa ba ya maganar tsohon gari. Wani ya taɓa tambayarsa a wurin suna, ya sa takalminsa ya tafi, bai ƙara gaida mutumin ba. Na san zai iya yi mini haka, kuma ba ni da wani uba bayansa.

Maganar karatun ta bazu har kasuwa, 'yan kabu-kabu suka riƙa leƙe ta taga. Ranar da zan karanta babin tashin gari, ina jera takarduna sai na ji ɗakin ya yi tsit. Baffa ne a bakin ƙofa, da taɓon fadama har gwiwa. Aka ba shi benci, ya zauna ya ajiye fartanya tsakanin ƙafafunsa.

Na je na durƙusa. "Baffa, lahiya?"

"Lahiya lau. An ce kana ba mutane labari. Shi niz zo ji."

Na lallaɓa wurin Malama, na raɗa mata ta ɗaga mini zuwa mako mai zuwa.

"Malam, ka san sharaɗi," in ji ta a hankali. "In ka fasa ba zan ga laifinka ba, amma kujerarka ta tashi."

Wallahi a lokacin na tsane ta. Sai dai da na miƙe, ta jawo kujerarta ta zauna dab da ni, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Na fara karatu. Na karanta yadda mutumin ya ɗora wa jaki kaya, da yadda maƙwabta suka tsaya suna tofar da yawu. Ban yarda na ɗaga kai ba, gumi yana ɗiga a kan takarda. Na zo inda ya kai ƙarshen gari, ya tsaya, ya waiwaya ya dubi maƙabartar da aka binne matarsa a daminar da ta wuce, ya fashe da kuka.

"Tsaya nan."

Baffa ya miƙe, fartanya a hannu. Na ce a raina shi ke nan, na rasa shi a kan littafin da ko gamawa ban yi ba.

"Wa yac ce ma ya waiwaya?"

"Ba kowa, Baffa. Zato niy yi."

Idonsa ya yi ja.

"Bai waiwaya ba. Da ya waiwaya, da bai iya tahiya ba. Ga shi da maraya bisa jaki yana kwana, ina shika tsayawa?" Ya saɓa fartanyar a kafaɗa. "Gyara shi."

Ashe ni ne marayan. Ban taɓa sanin ina kan jakin nan ba.

A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba. "Malama, Alhamis mai zuwa ma bayan la'asar na?"

"Bayan la'asar, Baba," in ji ta.

Ta miƙo mini biro da sabuwar takarda. Na karɓa, na soke shafin da ya waiwaya.