Masu Bin Bayan Baba Hoyt

Ko inuwarsa Baba Hoyt Yarbrough bai yarda da ita ba. Tsohon makanikin tarakta ne a nan arewacin Misisipi, ni kuma ina da shagon ƙanƙara da kayan fatsa a bakin tafki, don haka na sha halinsa har na ƙoshi. In ka gaishe shi da safe, sai ya tsaya nazarin abin da kake nema a wurinsa.

Da ya ajiye aiki sai ya koma kamun wani kifin tafki da ake kira kirafi. In zafi ya tsananta, kifin ya gudu can cikin zurfi, yakan jera sandunan fatsa a gefen ɗan kwale-kwalensa, kowace da kifin roba mai ƙugiya, ya kunna inji yana tafiyar hawainiya, robobin na iyo a bayansa. Asirin abin biyu ne: launin robar, da layin da kake bi. Kafin ya iso gaɓa sai ya kwance na gaskiyar ya ɗaura wasu, saboda 'yan leƙe. Robar ma ba ya saye a wurina, wai bakina ba shi da linzami. Ni fa!

Mutum ɗaya ke shiga jirgin nan, Cleon Tubbs, abokinsa tun suna samari. Hoyt ke tuƙi, ba ya barin kowa ya taɓa masa inji. Cleon na kula da sanduna yana shan faɗa.

Bana sai aka fara binsu. Duk inda Hoyt ya karkata, ga jirgi can nesa kaɗan a bayansa, yau na wane, gobe na wane. Ya shigo shagona yana huci, ya ce ruwa ba ya tsami banza, wani ya sayar da shi. Ya zargi mai gidan mai, ya zargi fasto, ni ma na samu rabona. Daga ƙarshe ya ɗana tarko. Ya raɗa wa Cleon shi kaɗai cewa gobe za su bi ta kan tsohon titin da ruwa ya cinye, inda babu komai sai kututture. Suna isa suka tarar da jirgi yana jiransu.

Da suka dawo, a gabana Hoyt ya jefo kular Cleon kan siminti. "Nawa suka ba ka, munafuki?" Cleon ya sunkuya ya ɗauki kayansa, ya tafi.

Na san dalili, duk bakin tafkin ma an sani. Tun farkon zafi wani abu ke ɗauke Hoyt yana riƙe da inji, ido a buɗe, mutum ba ya nan. Jirgi ya yi ta zagaye, zaruruwa su harɗe, in ya dawo hayyacinsa ya ce Cleon ne ya harɗa su. Cleon kuwa kafaɗarsa ta daɗe da mutuwa, in Hoyt ya faɗa ruwa ba zai iya ciro shi ba. Shi ya sa ya roƙi mutane su riƙa karɓa-karɓa suna binsu. Ya kuma hana a faɗa, don ya san abokinsa gara ka zage shi da ka tausaya masa.

Washegari sai ga Hoyt shi kaɗai, wai ƙanƙara yake so. Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya fi tsoron yawa. Na ce ba zan sayar ba. Na zazzage masa komai, har na ce, "Baba Hoyt, wa ke son kifinka? Gawarka ce ba ma so mu fita nema da ƙugiya."

Ya ƙare mini kallo, ya tambaye ni wa ya kitsa mini wannan tatsuniya, Cleon ko 'yarsa shi Hoyt ɗin. Ya fita ya zauna a motarsa, da jirgin ɗaure a bayanta. Rana ta ɗaga, bai sauke jirgi ba, bai kuma tafi ba. Can ya leƙo ya ce in kira masa mutumin nan.

Kafin Cleon ya iso har Hoyt ya sauke jirgin ya shiga, amma a kujerar sanduna ya zauna.

"Ko kalma ɗaya ban yarda da ita ba," in ji shi, yana kallon ruwa. "Kai, maci amana, wuce ka riƙe injin. Daga yau nan nake son ka zauna, inda idona zai riƙa ganin hannunka."

Cleon ya wuce ya zauna. Sai da ya goge ido da bayan hannu sannan ya iya jan igiyar injin.