Layun da Na Ɗinke a Wutsiyar Jirgin Maigidana

Edita, ina gaisuwa, da fatan za ki ba ni fili in sauke abin da ke raina. Lokacin da abin nan ya faru ina da shekara hamsin da ɗoriya, ina ɗinki a ɗakin baya na flat ɗinmu a Dagenham, nan ƙasar Turawa. Matan unguwa sun san ni da abu biyu: ɗinkina ba ya warwarewa, bakina kuma bai iya cewa na yi kuskure ba. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga ajin manya na ƙaramar hukuma, ina bin baƙi da yatsa kamar 'yar firamare.

Maigidana makanike ne, ya daɗe a kamfanin mota kafin ya yi ritaya. Sa'o'insa gona suke saye can ƙasarmu, shi kuwa lasin tuƙin ƙaramin jirgi ya yi, sannan ya sayo jirgin sama a cikin akwatuna. Mai kujera biyu ne, irin wanda ake aiko maka da ƙarafa da littafi ka haɗa da kanka, wani tsohon Bature mai duba aiki yana zuwa yana sa hannu a kowane mataki. Ranar da aka sauke akwatunan na ce masa in mutuwa yake nema ai akwai hanyoyin da ba su kai wannan wahala ba. Amma gaskiya ita ce jirgin nan ya dawo min da mijina. Mutumin da ritaya ta kwantar a gaban talabijin ya koma sammako zuwa gareji yana 'yan waƙe-waƙe. Shekara shida yana wannan aiki.

Ana dab da gamawa sai kamfanin da ya sayar masa da jirgin ya aiko takarda cewa a gyara wutsiya. A bayan wutsiyar akwai faifai biyu, dama da hagu, masu lanƙwasawa sama da ƙasa, su ne ke ɗaga hancin jirgi su sauke shi. Ni leɓe nake ce musu. Aka ce a tsawaita gaban kowane leɓe a zuba masa dalma, a sake rufe shi da yadi. Wani yadi ne na musamman da ake ɗinkewa a jikin ƙarfen da doguwar allura, a bi shi da dutsen guga ya ɗame kamar fatar ganga, sannan a yi fenti. Na kai masa abinci na ga ɗinkin da yake yi, na ce Malam ba ni allurar nan kafin ka ja min abin kunya a gari. Daga ranar na zama 'yar gareji. Muna shan shayi a fulas, yana auna tazara ina zura allura, muna faɗa a kan ƙulli kamar sababbin aure. Ban taɓa jin daɗin zama da shi kamar a watannin nan ba.

Yayata da ke Gusau ta ji labarin jirgi a waya, hankalinta ya tashi, ta aiko min da layu biyu ta hannun wata mai zuwa. Kowace ta kai girman kwalin ashana, an ɗinke ta cikin fata mai kauri da zoben ƙarfe. Malam ba ya son harkar laya, cewa yake addu'a ta ishe shi, don haka ban nuna masa ba. Ranar da ya tafi gwajin ido a Marylebone ya bar ni da leɓen dama ban rufe ba. Na ɗaure layun nan tamau a can ƙarshen baya, inda ido ba zai kai ba, na ce ai dama ta fi albarka. Na rufe yadi, na goge, na dawo gida ina jin na kyauta.

Bayan fenti akwai gwaji. Ana ɗora kowane leɓe a kan bakin ƙarfe biyu masu kaifi, dole ya kwanta daidai kamar ma'auni. Na hagu ya kwanta. Na dama ya sunkuyar da bayansa ƙasa. Malam ya sake gwadawa ya fi a ƙirga. Ya lissafa dalmar da zai ƙara, ya ga ta wuce abin da littafi ya yarda. Shi kuma a asibiti an gaya masa yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya, sai ya haɗa biyun ya yanke wa kansa hukunci: idonsa ne ya yaudare shi wajen awo. Ya ce in ya yi kuskure a nan bai gani ba, Allah kaɗai ya san sauran wuraren. Ga shi ba shi ne zai fara tashi da jirgin ba, matuƙin gwaji ne, ɗan wasu. Ya ce ba zai ɗauki ran ɗan mutane a wuyansa ba, zai bar wa 'yan kulob ɗinsu na matuƙa jirgin su yi yadda suka ga dama. Ya rataye makullin gareji ya koma gaban talabijin.

Ni kuwa na yi gum. Na riƙa gaya wa kaina takarda da 'yar fata wane nauyi gare su, ai ba su kai cokali ba. Ina zuba masa tuwo ina cewa ya yi haƙuri, tsufa ne, kowa zai je. Ku ji fa, ni da bakina. Mako uku ina kallon mutum yana rufe ido ɗaya da tafin hannu yana gwada karanta kalanda, ban ce uffan ba, don kada a ce Hajiya ta yi kuskure.

Abin da ya karya ni littafin jirgin ne. Na ɗauko shi na buɗe shafin wutsiya, na kwana biyu a kan shafi ɗaya da yatsana da ƙamus na waya, tsakanin ɗinkin mutane. Da na gane, sai da na ajiye littafin na riƙe bakin keken ɗinki. Ashe ɗan nauyi kaɗan a ƙarshen bayan leɓe shi ne babban haɗari. In jirgi ya yi gudu leɓen zai kama karkarwa kamar zani a igiyar shanya, kafin matuƙi ya yi wani abu wutsiya ta ɓalle. Abin da na ɗaura don tsari shi ne zai kashe ɗan mutane, ko mijina.

Ranar Asabar mai duba aikin ya zo gareji don a yi maganar miƙa jirgin. Na bi Malam da rezata a jaka. Suna tsaye a kan leɓen dama ana ta girgiza kai, na ratsa tsakaninsu na tsaga yadin da na ɗinka da hannuna, na zura yatsu na ciro layun na ajiye a kan tebur.

Na ce, "Malam, awonka daidai yake. Matarka ce ba ta da gaskiya."

Ya dubi layun, ya dube ni, ya nemi akwati ya zauna. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsa. Sai kawai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, "Hajiya, mako uku fa." Da ya zage ni da ya fi min sauƙi. Baturen ya tambayi ko mene ne, Malam ya yi masa bayani. Tsohon ya ɗora layun a sikeli ya rubuta nauyinsu, ya ce ya taɓa samun sifana da sheƙar ɓera a cikin fiffike, amma yau ya fara samun addu'a. Ya ce in sa su a aljihu, can ba ruwansa. Sannan ya daina murmushi ya ce a yaye yadin duka a sake, kuma ba za a rufe ba sai ya leƙa ciki da tocila. Na ce ya leƙa sau goma.

Na sake ɗinkin cikin kwana tara. Da aka ɗora leɓen a kan ƙarfe ya kwanta lif, Malam ya yi sujada a kan simintin gareji, mai ya ɓata masa goshi. Aka yi masa aikin ido, likitan matuƙa ya sa masa hannu. Aka kai jirgin wani filin ciyawa a Essex, matuƙin gwaji ya tashi da shi ya sauko yana ɗaga babban yatsa, na rangaɗa guɗa har Turawan kulob suka fito daga rumfar shayi. Bayan wasu watanni na shiga kujera ta biyu. Muna hawa ina yi masa masifa ya bi a hankali. Da na hango kogi ya buɗe baki ya shiga teku, da shanu kamar tururuwa, sai bakina ya mutu. Ya ce tun da ya aure ni bai taɓa samun minti goma na shiru irin wannan ba.

Yanzu labarin ya zama abin dariya a gidanmu, surukaina ma tsokanata suke yi. Amma ni na san inda dariyar ta tsaya. Ɗaura layun rashin sani ne, Allah Ya yafe. Shirun kuwa da sanina na yi shi. 'Yan'uwana mata, musamman masu kaifin baki irina, in kika sa hannu a aikin wani a ɓoye, ko da ƙauna ce ta sa ki, ki faɗa tun kafin a tambaya. In kuma kika ga mutum yana zargin kansa a kan laifinki, kada ki ba shi haƙuri, gaskiya za ki ba shi a ranar. Yadi na yaye na sake cikin kwana tara, amma mako ukun da na bar bawan Allah yana ganin ya zama ba komai, ba ni da allurar da za ta mayar masa da su.