Kokawa da Hannu Ɗaya

Ni ban yi nisa a lekol ba, wato makarantar boko, kuma yawancin abin da aka koya mini ya zube a hanya. Amma wutar Kaka Rahila ban manta ta ba. A unguwar Poumpoumré muke lokacin. Da an ci tuwo, rana ta gangara bayan kogin Binuwai, sai ta jawo 'yar kujerarta gaban murhu, ta tura gyaɗa cikin toka. Hayaƙi ya riƙa hawa a hankali kamar mai jin barci. Mu jikoki mu kewaye ta, har da 'ya'yan Alhaji mahauci maƙwabcinmu. Sai ta ce ga tatsuniya nan tafe, a matsa mata ta zauna.

Wadda ta fi zama mini a rai ta wani ɗan kokawa ce. Wai wata tsohuwa a bakin kogi ta ba shi ƙwayar dawa guda, ta ce muddin tana hannunsa, bayansa ba zai taɓa ƙasa ba. Sai ya dunƙule hagunsa a kanta, ko barci yake bai buɗewa. Ya zaga garuruwa har Rey Bouba, ba wanda ya kayar da shi. Shi ma bai kayar da kowa ba, don kokawa ba dambe ba ce, dunƙulallen hannu ba ya kama kugu. Har makaɗa suka gaji da shi.

Wata shekara ruwa ya yi gardama, mutane suka cinye irinsu. Yana shirin shiga fili sai ga wata mata da ƙwarya wayam, tana neman ko ƙwaya ɗaya ta shuka. Ya dube ta, ya dubi hannunsa. Da ya buɗe, yatsun suka yi ƙara kamar busasshen kara. Ya zuba mata, ya shiga da hannu biyu, ya kama abokin karawarsa da duk ƙarfinsa. Aka daɗe ana yi. Sai aka maka shi da ƙasa. Yana kwance yana ta dariya, wai bai taɓa sanin sama tana da faɗi haka ba.

Muka yi mata ca, muka ce ai faɗuwa ya yi.

"Ya faɗi mana, mijina," ta ce da ni, tana hura gyaɗa. "Amma duk rayuwarsa, ranar kaɗai ya yi kokawa."

Haka take a coci ma. Ranar Lahadi mutane kan tura hannu a dunƙule cikin kwandon baiko, kada a ga ƙanƙantar abin. Ita kuwa da rawa take zuwa, tafin hannunta a buɗe, wani lokaci kuɓewa ce kawai a ciki. Kunya takan kama ni. Ta ce ba don a gani take yi ba, hannun ne idan ya saba rufuwa sai ya ƙi buɗuwa.

Na girma na zama mai tsaron gida a ƙungiyar ƙwallon kartiyenmu, wato unguwarmu. Ban taɓa jin tausayin jikina ba, a kan tsakuwa nake faɗawa. Babbar ƙungiya ba ta ɗauke ni ba. Abin da na samu kafaɗa ce da ke hana ni barci in damina ta zo. Safar hannuna ta tsaron gida na kulle a akwati, na hana kowa taɓawa, har ɗana. In na ji yara na buga ƙwallo sai in canja hanya. Na daɗe ina ganin an cuce ni, na ba da duka ban karɓi komai ba.

Bara, ranar godiyar girbi, mata suna shiga da dawa da gyaɗa, ni ba ni da gona. Na koma gida na buɗe akwatin. Da dattijon coci ya ɗaga safar daga kwando, sai ya tambaya ko wani ne ya manta kayansa. Na ce baiko ne, a ba gardiyan ɗin matasa, yaron da ke tsare musu raga. Mutane suka fashe da dariya, ni ma na yi, har kafaɗar ta motsa.

Yanzu ran Asabar nakan tsaya bayan raga ina wa yaron tsawa ya faɗa da duk jikinsa. Yana faɗawa kuwa. Ana cin sa, ya tashi ya kakkaɓe.