Dutsen da Na Kara a Kunne

Wata ranar Laraba a ƙarshen daminar 1976, ina aji shida a firamare, Malam Yakubu ya jera mu a bakin filin makaranta bayan la'asar, ya ce mu zagaye shi sau huɗu ba tsayawa. Sabon malami ne da aka turo mana daga Zariya, siriri, da usur rataye a wuya, kuma shi ya fara gaya mana cewa gudu ma abu ne da ake zuwa Kano a yi gasa a kansa. Mu da gudun da muka sani na korar awaki daga gona ne ko na tsere wa bulala, sai abin ya ba mu dariya. Ya busa usur, muka zuba. Ciyawa ta kai mana ƙauri, ƙaya na sukar tafin ƙafa, amma ni na zo na ɗaya, na ba na biyu ratar kusan rabin zagaye. Ina tsayawa na dafa gwiwa, sai duniya ta yi mini ɗum. Kunnena na dama ya toshe kamar an kife mini ƙwarya a ka. Numfashina nake ji yana shiga yana fita a cikin kaina, bugun zuciyata ma a can nake jin sa, Malam kuwa yana ta yabona amma muryarsa kamar daga bayan katanga. Na buɗe baki in yi magana, na ji muryata ta cika mini ƙoƙon kai, sai na tsorata.

Abokina Bala, ɗan masunta, wanda zamansa a ruwa ya fi zamansa a aji, shi ya kawo magani. A Wudil kowane yaro ya san abin da ake yi wa kunnen da ya toshe. Ana neman ɗan dutse mai faɗi wanda ya sha rana, a kara shi a kunne, a karkata kai, a riƙa ƙwanƙwasa shi da wani dutsen ana tsalle da ƙafa ɗaya kamar mai langa, har ruwan ya gangaro da ɗuminsa. Duk yamma za ka ga yara a gaɓar kogi suna wannan rawa bayan sun gama wanka. Na ce da Bala ai ni ban shiga ruwa ba, ya ce kunne dai kunne ne. Ya tsinto mini duwatsu biyu, na kama hanyar gida ina tafe ina ƙwanƙwasawa, singiletina sharkaf da gumi. Ban kawo komai a raina ba har na shiga soro a haka, na tarar da Baba a kan buzu yana gyaran ƙotar fartanya.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane abin da Baba ya gani. Kakana masunci ne, Baba ma a cikin kwalekwale ya girma, ya san kogin Wudil kamar tsakar gidanmu. A shekarun nan kuɗin mai ya shigo ƙasa, ma'aikata sun sami ƙarin albashi, kowa na sayen babur da rediyo, a Kano kuma sai gini ake yi ko'ina. Ginin siminti yashi yake ci, yashin kuwa namu ne. Tifofi suka riƙa yin layi a ƙasan gada, samari suka ajiye fartanya suka ɗauki shebur, aka yi ta haƙa har aka bar ramuka a wuraren da a da ruwa iya gwiwa ne. Da damina ta zo, ruwa ya rufe su. A ɗaya daga cikin ramukan nan wana, Yaya Isyaku, ya faɗa, shekara biyu kafin wannan Larabar, yana ɗan shekara goma sha uku, a daidai inda ya sha tsallakawa da ƙafa. Baba da kansa ya nutsa ya ciro gawarsa. Daga nan ya sayar da kwalekwalensa da komarsa ta kamun kifi, ya koma noma a gonarmu ta wajen Dagumawa. Bayan sadakar bakwai ya kira ni soro, ni da na rage masa namiji ɗaya tilo, ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari ba zan ƙara sa ƙafa a kogin nan ba, ko yana raye ko ba ya raye. Na yi masa. Yakan ce, "Ni yaro mai ɓarna ba ya ba ni tsoro, mai ƙarya ke ba ni tsoro, don ban san inda zan neme shi ba."

Kuma wallahi na riƙe alkawarin. In an tashi daga makaranta yara su yi kogi, ni in yi gida, in ɗauki lauje in yanko wa awaki ciyawa, in ja ruwa a rijiya in cika randunan Inna, in gero ya fara ido in tafi gona in wuni ina korar tsuntsaye da gwangwani. Sa'o'ina suka riƙa ce mini jikan masunta mai tsoron ruwa, na haɗiye. Ko gada zan tsallaka in an aike ni, ba na leƙa ƙasa. Ina da taurin kai tun ina ƙarami, amma a wannan karon taurin kan ya yi mini rana, ina alfahari da shi a ɓoye.

Baba ya ɗago kai ya dubi dutsen da ke kunnena, ya dubi rigata, ya ajiye fartanyar a hankali. Ya ce, "Daga ina, Ɗanlami?" Na ce, "Daga makaranta, Baba. Gudu muka yi." Ya miƙo hannu ya karɓi duwatsun ya jujjuya su, ya taɓa rigar. Ya ce tun yana yaro yake ganin kunne na toshewa, bai taɓa ganin wanda tudu ya toshe wa kunne ba, ruwa ne kawai ke yin haka. Inna, mahaifiyata, ta fito daga madafa ta shinshina rigar, ta ce da Baba, "Malam, wannan fa gumi ne." Ya ce ai wanda ya fito daga ruwa ya sheƙo gida da gudu shi ma gumin yake yi. Ina tsaye kuka ya taso mini, na haɗiye yawu da ƙarfi, sai na ji tas, kunnen ya buɗe. Don wauta na ce da murna, "Ya buɗe!" Baba ya gyaɗa kai ya ce, "To, ruwan ya fita." Bai doke ni ba. Ya ɗora duwatsun nan biyu a kan tagar soro ya ci gaba da gyaran fartanyarsa, ni kuwa da dukan ya yi da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar zaman gida ya sauya. Baba bai daina yi mini magana ba, amma ya daina tambayata. A da in ya aike ni kasuwa ranar Juma'a, abin da na faɗa shi ke nan. Yanzu sai ya bari na gama, ya juya ya tambayi ƙanwata. In na dawo daga makaranta yakan shafa kaina kamar mai sa albarka, amma na san laima yake nema a gashina. Na roƙi Malam Yakubu ya zo, ya kuwa zo, ya durƙusa suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya shaida cewa ina filin har aka tashi, kuma shi ma gudu ya taɓa toshe masa kunne. Baba ya saurare shi cikin girmamawa, ya sa aka kawo masa fura, sannan ya ce, "Malam, na yarda yana gudu. Amma kai baƙo ne, ba ka san nisan makaranta da gaɓa ba." Ya roƙe shi ya cire sunana daga masu gudun, don in riƙa dawowa gida da wuri. Aka cire. Ranar da motar makaranta ta kwashi yara zuwa gasar Kano, ina gona ina ɗaure damin dawa.

Na yi wata dabara wadda har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina. Wata safiya a gona na ce da Baba ya tsaya ya gani da idonsa. Na zuba da gudu daga gindin tsamiya zuwa iyakar gona na dawo, sau biyar, har idona ya yi duhu. Kunnen kuwa ya toshe kamar yadda na zata. Na tsaya a gabansa ina haki ina nuna masa, ina cewa ga shi, ga shi ya yi. To me zai gani? Kunne ne kamar na kowa, abin duk a ciki yake, ni kaɗai ke jin sa. Ya daɗe yana kallona da wani irin tausayi, na uban da ke ganin ɗansa yana ƙara ƙarya a kan ƙarya. Ya ce in sha ruwa in kama aiki, rana na yi.

Da bazarar shekarar da ta biyo baya zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana tara. A kwana na takwas da hantsi ya sa Inna ta kira ni. Ya rame sosai, hannunsa da zafi. Ya yi mini wasiyya a kan Inna da ƙannena da gonar, sannan ya ce, "Maganar kogin nan, Ɗanlami, na yafe maka. Kada ka riƙe ta a ranka." Maganar ta zo mini har bakina. Ina so in ce ban shiga ba, Baba, ban taɓa shiga ba. Amma na dubi fuskarsa na ga yadda ta saki, kamar wanda ya sauke kayan da ya daɗe yana ɗauke da su. In na musa, sai ya tafi yana ganin na yi masa ƙarya har a kan shimfiɗar ajali. Na sunkuyar da kai na ce, "Na gode, Baba." Ita ce ƙarya guda da na taɓa yi masa, kuma ita ce ya yarda da ita. Washegari kafin azahar ya cika.

Na girma ina aiki a Kano kafin wani likita ya bayyana mini abin, a cikin hira ma, ba a ɗakin duba marasa lafiya ba. Ya ce akwai wata 'yar hanya tsakanin maƙogwaro da kunne, in mutum ya yi haki mai yawa iska takan dagule a cikinta na ɗan lokaci, da ya huta ya yi hamma ko ya haɗiye yawu sai ta daidaita. Bai fi minti biyu yana maganar ba. Na yi masa godiya, na fita na zauna a gindin wata bishiya na daɗe ban tashi ba.

Yanzu in na je Wudil, filin makarantar an yi azuzuwa a kansa, soron gidanmu an rushe shi an yi shago, duwatsun nan ban san inda suka shiga ba. Tifofi dai har yau suna sauka ƙasan gada. Kwanakin baya jikana ya dawo daga ƙwallo yana karkata kai, ya ce kunnensa ya toshe. Uwarsa ta latsa waya, nan take ta karanta masa dalili, ya yi hamma ya koma wasansa. Na so a ce Baba yana zaune a wurin, ko da na minti biyun nan ne. Ni kuwa ga furfura ta cika mini kai, jikan masunci, ɗan masunci, har yau ban iya iyo ba. Ban sa ƙafa a kogin ba, Baba.