Takalman Baturen Coci

Ko da na manta komai na zamana a Libreville, ba zan manta da wani tsohon Bature ɗan Ingila da takalmansa ba.

A lokacin ina gyaran takalma a bakin titi a unguwar Louis. Kullum yakan wuce ta gabana zuwa coci, inda yake kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan mai bututai. Ya taɓa gaya mini shekara hamsin ke nan yana wannan sana'a, daga cocin ƙauyensu har manyan zauruka.

Wata Juma'a ya miƙo mini baƙaƙen takalma, ɗinkin gefe ya warware.

"Abokina, ɗinkin kawai. Ranar Lahadi zan yi wasana na ƙarshe."

"Baba, an gama," na ce.

Da na juya su, sai na ga ƙasan ya cinye, fatar ta zama kamar takarda. Ni kuwa ga rawar kai, na ce wannan dattijo ai sai a kyautata masa. Na ɓamɓare fatar na jefa a kwata, na lafta masa roba mai kauri, irin wadda muke yi wa 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta Port Môle.

Ranar Lahadi da safe ya zo karɓa. Ya shafa robar da yatsa, ya dube ni.

"Ina fatar?"

Na nuna masa kwata, har ina murmushi.

Ashe da ƙafa ma ake kaɗa ogan. Tsufa ya kashe masa jin tafin ƙafa, siririyar fatar nan ce kaɗai take barinsa ya gane sandar da yake takawa. Matarsa marigayiya ce ta saya masa takalman.

Da la'asar na je na raɓe a bayan tagar cocin. Da safa kawai ya yi wasan, ba takalmi. Ban san kiɗansu ba, amma na ji inda ya tsaya cak, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Wallahi hawaye na yi.

Washegari ya ajiye takalman a kan bencina, ba faɗa, ba zagi.

"Aikinka mai kyau ne. Ka ba mai tafiya, ni na gama."

Ban sake ganinsa ba. Tun ranar na koyi cewa kafin ka gyara wa mutum abinsa, ka tambaye shi me ya lalace.