Maƙerin da Ya Sa Yashi Magana

A gidanmu na Tudun Fulani, da an idar da sallar magariba sai mu kewaye murhun Kaka Dije, inda take gasa doya tana juyawa da yatsu kamar wuta ba ta san ta ba. Ni ta fi tsokana, don tun ina ƙarami zuciyata a kusa take.

"Matso nan, maigida," in ji ta, "kafin fushinka ya ƙona min doya."

Mijinta marigayi gyaran rediyo yake yi kusa da tashar jirgin ƙasa. Duk abin da ya ji a bakin injiniyoyi sai ya kawo mata gida, ita kuma ta sa masa gishiri da yaji ta mayar da shi tatsuniya.

"To ga ta nan tafe, a buɗe kunne."

"Ta iso mu ji ta!"

Wai a can ƙasar Turawa an yi wani maƙeri da Allah ya ba kai. A wancan zamanin, rediyo ƙaton akwati ce, sai ta yi zafi kafin ta yi magana. Shi ya san yadda ake tace yashi a fitar da wani ɗan abu kamar ƙwayar wake, wanda zai sa rediyo ta shiga aljihu. Ya tara samari masu basira a maƙerarsa, amma bakinsa bai iya "sannu da aiki" ba. In abu ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci nasu ne, ga zargi, ga tsinka mutum a gaban jama'a. Rannan samarin suka haɗa baki suka fice gaba ɗaya, suka kafa tasu maƙerar. Tasu ta yi ta haihuwar wasu, tasa kuwa ta mutu yana ji yana gani.

Na yi tsalle na ce, "Allah shi ƙara!"

Kaka ta miƙo min doya ta ce, "A hankali, maigida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani."

Da na girma na gane kamfani ne na gaske, na 'yan abubuwan nan da nake ƙona yatsuna a kansu kullum, don yanzu shagon gyaran waya da talabijin gare ni a Barkin Sale. Yaran shagona, Bala da Yohanna, sun daɗe a hannuna, sun ƙware, wani aikin ma sun fi ni. A sana'armu oga kan tara mutane ya yaye yaronsa, ya miƙa masa kayan aiki, ya sa masa albarka. Wanda ba a yi wa haka ba ɗan gudu ake kiransa, masu kawo gyara ma ɗari-ɗari suke yi da shi. Ni kuwa kullum amsata ɗaya ce, "Da sauranku." Watan jiya suka tafi tare, na bi unguwa ina cewa butulu ne.

Jiya sai ga su, suka durƙusa a ƙofar shago.

"Oga," in ji Yohanna, "mun samu shago a Maitumbi, amma ba za mu buɗe ba sai ka zo ka sa albarka. Kai ne babanmu a wannan aiki."

Kunya ta lulluɓe ni, na rasa inda zan ajiye idona. Wallahi da zagina suka yi, da ya fi min sauƙi. Ashe maƙerin da na yi wa dariya a bakin murhu, sawunsa nake bi.

Kaka ba ta taɓa cewa yaran maƙerin sun koma gaishe shi ba. Nawa sun dawo, ba don halina ba. Yau da safe na ƙulle kayan aikin da ya kamata in ba su tuntuni, na tare Keke mai ƙafa uku zuwa Maitumbi. Duk hanya ina ta maimaita "sannunku da aiki" a hankali, don kada in isa ta gagare ni.