Kunnena na Dama da Tayoyin Surukina

Duk wanda zai yi mini magana sai ya zagayo ta hagu. Jikokina sun saba. Baƙi kuwa sukan ɗauka girman kai ne ya hana ni amsa sallama, har wasu su tafi da ni a baki. Kunnena na dama ya mutu tun shekarar da aka karɓi mulkin kai, na hagun ma rabi ne ya rage, kuma ba wani ciwo ne ya cinye su ba. Tayar mota ce, da kunyar suruki.

A wancan zamani ni mai faci ne, ina da rumfa a bakin hanya kusa da Ƙofar Atiku. Motocin garin ba su da yawa, kowace muna gane ta da kukanta tun ba ta ɓullo ba. Ba ni da agogon awon iska, ban ma taɓa riƙe shi ba. Abin awona kunnena ne. In ana ba taya iska, sai in duƙa in kai kunnen dama kusa da ita, in ƙwanƙwasa ta da sifana, ƙarfen kwance noti. Mai yunwa takan amsa a dakushe, wadda ta ƙoshi fiye da kima ta yi ƙara siririya, kuma tsakanin biyun akwai wata murya da in na ji ta nakan ɗaga wa mai famfo hannu ya tsaya. Direbobi sukan wuce masu faci biyu su zo wurina saboda wannan. Da kunnen nan na yi aure, da shi nake ci da gidana, kuma ina taƙama da shi fiye da yadda ya kamata.

Surukina, mahaifin matata, falken shanu ne, yana sayowa daga rugage ya kawo kara, kasuwar shanu. Bari in faɗa tun yanzu, ba mugun mutum ba ne. Da mugu ne da na huce tuni. Sai dai shekara shida da auren 'yarsa, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi a hanya, takalma nake tuɓewa in durƙusa har ya wuce. Ban taɓa cin ko goro a gabansa ba. Duk maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce “lafiya lau” da “madalla” da “to” ba. Haka aka rene mu, haka kuma ake yaba mutum, a ce ɗan gidan wane akwai kunya.

A shekarar nan Turawa suna ta haɗa kaya suna sayar da abin da ba za su iya ɗauka ba. Wani likitan shanu ya sayar wa surukina jif ɗinsa, irin mai shiga daji. Nufinsa ya riƙa isa rugagen bayan Wamakko kafin sauran fatake, waɗanda ke tafiya a kan jaki da ƙafa. Fitar farko motar ta zauna a laka a fadama, sai da aka ɗaura mata bijimai suka jawo ta. Labari ya riga shi isa kara, aka yi ta yi masa dariya. Ya ji zafi ƙwarai. Ya kai ta wurin wani maƙeri ya ƙara mata sifirin, ƙarafan da ke tallafe jikin mota, ta ɗaga sama har mutum sai ya yi tsalle ya shiga. To da ta ɗagu, sai tayoyinta na asali suka zama abin dariya na biyu, ka ce raƙumi ne aka sa wa ƙafafun akuya. Daga nan wani ya sayar masa da manyan tayoyi huɗu, tsofaffin ajiya, masu kaurin haƙora.

Ran Talata da hantsi sai ga shi da kansa a rumfata, direbansa na sauke tayoyin. Na tuɓe takalma na durƙusa.

Ya ce, “Ɗana, ga tayun nan huɗu. Ka sa mani su bisa motag ga. Kahin Jumu'a nika son ta, za ni ruga.”

Kallo ɗaya na yi musu na san abin da ke nan. Ramin tsakiya daidai yake da wilin motar, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, shi ya sa duk wanda ba ɗan sana'a ba zai ce ai sun yi. Amma faɗinsu ya fi na wilin da kusan yatsu uku, bakin wilin ya fara tsatsa, tayoyin kuma sun bushe sun ƙandare kamar ƙirgi. In aka matse irin wannan taya a kan siririn wili, bakinta ba ya zama sai an yi mata iska fiye da ƙima, kuma a nan ake samun gawa. Maganar tana kan harshena, kalma uku ce, ba su hawa. Abin da ya fito shi ne, “To, Baba.”

Da ya tafi, direban ya dube ni ya girgiza kai, don shi ma ya gani. Na ce ya taimake ni ya faɗa wa maigidansa. Ya ce, “Surukinka na, ba nawa ba. Ni in na hwaɗi, gobe wani ka tuƙa motar.”

Saura hanya ɗaya, wadda kowane suruki ke bi. Na koma gida na zaunar da matata.

Na ce, “Ki tahi ki hwaɗa ma Inna, tayun nan sun hi ƙarhin wilin. In anka tilasta su suna hwashewa, suna iya kashe mutum. Ta ce ma Baba shi yi haƙuri a nemo wili mai hwaɗi, ko daga Kano.”

Ta yafa zane ta tafi. Sai bayan shekaru ta ba ni labarin yadda saƙon ya yi tafiya. Ita dai ta ga ba za ta iya buɗe baki a gaban uwarta ta ambaci kisa a kan sabuwar motar ubanta ba, kada a ce ta yi masa mugun baki. Sai ta ce wai na ce aikin akwai hatsari. Inna kuma ta ga hatsari kalma ce mai nauyi daga bakin yaro zuwa ga babba, sai ta jira har ya sha fura, ta ce, “Yaron nan ya ce aikin da wuya, amma ka san shi da ƙoƙari.” Surukina ya ji daɗi. Washegari aka kawo mini ƙafar bijimi da tozo, da saƙon cewa Allah ya yi mini albarka, ya san in ba ni ba babu mai iya wannan aiki a garin. Aka yi farfesu. Na ci, har da ƙari, kuma har yau in na tuna ina jin haushin kaina.

Ran Alhamis muka fara tun sanyin safiya. Surukina ya zo da tabarmarsa ya zauna ƙarƙashin dogonyaro a tsallaken hanya, yana jan tasbaha. Na juya masa baya ina aiki, don ko ƙarfe ba na iya ɗagawa yana kallon fuskata. Na shafa wa bakin taya sabulun salo, na sa liba uku, ƙarafan tura taya, na hau da dugadugai ina dannawa, direban na riƙe. Ta farko ta shiga da ƙyar. Ya kama famfo yana bugawa har rigarsa ta jiƙe, can sai bakin tayar ya hau wili da wata irin ƙara, gum. 'Yan kallo suka ce madalla. Ta biyu ma haka. Har na fara cewa a raina ko dai tsoro ne kawai ya kama ni, ko abin da babba ya hango ne ni ban hango ba.

Abu ɗaya ya hana ni sakewa. In na ƙwanƙwasa su, muryar da suke amsawa da ita ban san ta ba. Cikinsu ya kumbura ya yi tulu, gefensu ya matse, sautin ya ƙi zama wuri ɗaya. Shekara goma ina sauraren tayoyi, ranar ce ta farko da ban gane abin da suke faɗa ba.

Ta ukun ce ta yi gardama. Wurin tura ta liba ta ci bakinta, na gani, na shafe wurin da sabulu na ci gaba. Muka ba ta iska, gefe ɗaya ya hau, ɗayan ya ƙi. Direban ya ƙara, ya ƙara, yana haki. Ya ce, “Ta isa?” Na duƙa na kai kunnen dama kusa da ita, na ƙwanƙwasa. A nan na ji abin da na gane sarai. Can ciki wayoyin da ke riƙe bakin taya suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, da ƙaramin sauti irin na zaren masaƙa. An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Nawa ya ji, ya yi aikinsa har ƙarshe. Abin da ya rage in ɗaga hannu, in saki iskar, in tsallaka hanya in durƙusa in ce ba za a yi ba.

Daidai nan surukina ya ɗaga murya daga tsallake.

“Ɗana, lahiya dai? Tana hawa?”

Ga mutane a tsaye, ga tayoyi biyu sun riga sun hau, ga tozon da na ci. Na ce, “Tana hawa, Baba.” Na ce da direba ya ƙara kaɗan, na sake kai kunne.

Ni ban ji ƙarar ba. An ce har a kasuwa an ji ta, jakuna sun tsinke igiya. Na dai farka na gan ni a rigingine a tsakiyar hanya, sabulu a idona, mutane sun yi mini rumfa bakunansu na motsi babu sauti. Wani abu mai ɗumi yana bin wuyana daga kunne. Direban ya faɗi gefe, ko ƙwarzane bai yi ba.

A gadon asibiti mulkin kai ya same ni. Ta taga nake ganin tutoci da mutane suna wucewa da sababbin riguna, gangunan kuwa a ƙirji nake jin su. Wani da ke kwance kusa da ni ya yi ta gwada mini da hannu cewa yanzu mun samu bakin magana, ba mai sa mu abin da ba mu so. Na juya masa ƙeya.

Da aka sallame ni na koma rumfa. Motar farko da ta tsaya, na duƙa na ƙwanƙwasa tayarta, na ji kamar na bugi katifa. Na juya na hagu, shi kuma ƙugi yake yi shi kaɗai. Na yi ta cika tayoyi da ka, wata ta kwanta a hanyar Gusau, wata ta fashe kafin ta bar gari. Direbobi ba su yi mini faɗa ba, kunya suka ji, sai dai suka riƙa wucewa suna ɗaga mini hannu. Na koma facin keke, wanda ake tsoma robar ciki a ruwa a ga kumfa da ido. Boko ma da nake rubuta wannan da shi, a ajin yaƙi da jahilci na koye shi, don mutane sun gaji da yi mini ihu, gara su rubuta mini.

Surukina ya zo gida duba ni. Shi ya ciyar da gidana duk shekarar, ba zan ci hakkinsa ba. Ya zauna a kan buzu ta damana, ya yi magana mai tsawo, ina ta gyaɗa kai ban san me yake cewa ba. Da ya lura, sai ya sa aka kira 'yarsa. Ta durƙusa ta haguna, ta kai baki kunnena, dole ta ɗaga murya a gaban ubanta, abin da ba ta taɓa yi ba.

“Baba ya ce, don mi ba ka hwaɗa mai ba? Ya ce da ka hwaɗi, wallahi da bai sa ka ba.”

Ita ta san inda saƙon ya tsaya. Ranar na ɗaga kai na dube shi ido cikin ido, karo na farko. Na so in ga ƙarya a fuskarsa, ko borin kunya, wani abu da zan riƙe in riƙa jin haushinsa. Ban ga komai ba sai tsoho mai mamaki, yana jiran amsa tsakaninsa da Allah. Na sunkuyar da kai na ce, “Ƙaddara ta, Baba.” Ya ce haka ne, ya yi addu'a, muka shafa.

Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya hana ni hucewa. Direban, da ya ga jini, bakinsa ya buɗe, ya gaya masa zancen wili mai faɗi. Surukina ko gardama bai yi ba, ya aika Kano. Cikin mako biyu aka kawo wili huɗu masu faɗi, aka sayi taya ɗaya madadin wadda ta fashe, wani mai faci ya ɗora su kafin azahar ba tare da ya yi gumi ba. Motar ta yi shekara da shekaru tana keta fadamar Wamakko, ba ta sake zama a laka ba.

Hanyarta ta zuwa kara ta gaban rumfata take. Kullum ta zo wucewa ina tsugune a kan kwanon ruwa da robar keke, direban yakan danna mini ham don gaisuwa. Hannunsa nake gani yana dannawa.